Kular da Ke Dawowa a Wanke

Lahadi, da hantsi

Tun ranar Alhamis nake son in rubuta, hannuna ya ƙi. Yau dai na zauna.

Ranar Alhamis ina kwance da littafi, shinkafa na kan wuta, saura kaɗan in ji ko yarinyar za ta gane mutumin da ya tsamo ta daga ruwa. Sai jiniyar masaƙa ta ɗauki kuka. Jiniya kullum tana yi, da ita muke sanin lokaci a kwatas ɗin nan. Amma wannan ba lokacinta ba ne, kuma ba ta tsaya ba. Na ji ana gudu a baranda. Ni kuwa sai da na ƙarasa shafin.

Da yamma maza suka fito, 'yan saƙa da 'yan kaɗi da masu dako, kowa kansa a ƙasa. 'Yan sashen rini ba su fito ba. Maigidana a sashen rini yake. Mai Shuɗi nake ce masa, don hannunsa har guiwa shuɗi ne, ba sabulun da ke fitar da shi. Shi kuma ya ce min Malamar Littafi.

Jami'in kamfani, wani mai farar riga da turare, ya tara mu a bakin get. Ya ce wani bututu ne ya yi yoyo, sun shaƙi wani abu, suna kwance a kilinik ɗin cikin masaƙa, likita ya hana shiga. Wayoyinsu dama a akwatin bakin get suke barin su. Ya ce ba abin tashin hankali ba ne, a ci gaba da kawo musu abinci yadda aka saba.

Yadda aka saba shi ne, kafin azahar kowace mace ta kai kular mijinta ɗaure a ƙyalle ta ajiye a dogon bencin bakin get. Baba maigadi ya loda a baro ya shiga da su. Bayan la'asar mu je mu ɗauko.

Na kai Juma'a, na kai Asabar. Ta dawo babu komai ciki. Yana ci ke nan. Alhamdu lillahi.

Litinin, bayan la'asar

Inna, mahaifiyarsa, ba ta tashi daga kan sallaya sai da dalili. Ɗakinmu ciki da falo ne, ita ke falo. In na shigo da kula sai ta ɗago ido, in ce, "Ya cinye, Inna." Sai ta koma kan carbinta.

A wanke take dawowa. Shi kuwa bai taɓa wanke kula ba tun da muka yi aure. Ba ya cin albasa, sai ya tsince ta ya jera a cikin murfi, in ya dawo ya ce, "Malama, ga sojojinki sun dawo lafiya." Kuma kullum akwai shatin babban yatsansa a ƙyallen, shuɗi.

To ai a asibiti yake. Nas-nas ne ke wankewa. Haka ake yi a asibiti.

Laraba, da safe

Mai Keke, maƙwabciyarmu mai ɗinki, ta leƙo ina shara. Nata mijin ma yana ciki.

"Amarya, ajiye tsintsiyar nan. Yau ba za mu miƙa kula ba. Za mu tsaya da ita a hannu, sai sun fito da su mun gan su, ko ta taga ne."

Na ce, "Yaya, ai an ce likita ya hana."

"Likitan kin gan shi? Motar asibiti kin ga ta shiga? Ke, mutum ko a gidan yari yake ana ganinsa."

Na ce ni maigidan ya hana ni shiga hayaniya. Gaskiya ne, ya sha faɗa min.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To zauna ki jira babi na ƙarshe." Ta ja takalminta ta tafi.

Na ji haushi. A littattafaina matar kirki ba ta tsayawa a titi tana ɗaga murya. Tana zama bakin taga, tana ramewa, tana addu'a, sai ya dawo ya same ta a inda ya bar ta. Masu zanga-zanga a wurina mutane ne da ba su da abin yi, ko waɗanda aka zuga. Amma Mai Keke tana da abin yi, ɗinki ne jibge a ɗakinta. Kuma ban san wanda ya isa ya zuga ta ba.

Alhamis, da azahar

Sai da na ratsa matan da ke tsaye kafin in kai benci. Ba su da yawa, ba su cika faɗin get ba. Kowace riƙe da kularta a ƙirji, ba waƙa, ba ihu. Na zata za su zage ni, har na shirya amsa. Sai suka buɗe min hanya.

Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi.

Ina juyowa wata ta ce a hankali, "Allah ya sa shi ke ci." Ban waiga ba.

Juma'a, da yamma

Mai farar riga ya bi ɗaki ɗaki. Ya tsaya a ƙofarmu, ya durƙusa ya gaida Inna har ƙasa. Ya ce kamfani na tare da mu. Sannan ya ce, cikin murmushi, ɗakunan kwatas na kamfani ne, kuma duk iyalin da aka gani cikin masu tsayuwa, to sun nuna ba sa son zama da kamfani, su da ma'aikacinsu. Ana ɗaukar hoto, in ji shi, don kada a zalunci kowa.

Da ya tafi Inna ta kira ni.

"'Yar nan, zauna. Ni na tsufa, ba inda za ni. Gidanmu na can ya rushe, kin sani. In yaron nan ya fito ya tarar ba aiki, ba ɗaki, uwarsa a titi, me za ki ce masa?"

Na ce, "Ba zan je ba, Inna."

"Ki rantse."

Ban rantse ba, na dai ce ba zan je ba. Ta karɓa.

Asabar, bayan la'asar

Ta dawo a wanke.

Lahadi, da hantsi

Na je mayar da littafi, na tarar Mai Haya yana rufe rumfarsa tun da hantsi. Wurinsa duk matan kwatas ke karɓar littafi. Dattijo ne mai tabarau, ko kaza ba zai iya kora ba.

Na ce, "Baba, ina za ka?"

"Bakin get."

"Kana da wani a ciki ne?"

"Ba ni da kowa." Ya gyara kwado. "'Yata, tsoro nake ji wallahi. Amma matan nan shekara da shekaru suna zuwa nan, na san wadda ke son labari mai kuka, na san wadda ke fara karantawa daga ƙarshe. In na zauna, gobe da wane ido zan miƙa musu littafi?"

Ya ce in riƙe littafin, ba sauri. Na dawo da shi. Na buɗe, na karanta layi ɗaya ya fi sau nawa, ban san me ya ce ba.

Yanzu sun cika faɗin get, har sun sauka titi. Akwai 'yan mata da nake jin kallo ya kawo su. Akwai matan 'yan saƙa, waɗanda mazansu ke kwana a gida lafiya lau. Na tambayi ɗaya a bakin famfo, ta ce, "Bututun sashenmu da na sashen rini uwarsu ɗaya." Wata kuma ta ce ita ƙawarta ta biyo, ba za ta bari ta tsaya ita kaɗai ba. Ba wadda ta ba ni amsa irin ta wata.

Litinin, da azahar

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa da 'yar kujerarta. Ba 'yar kwatas ba ce. Kularta tsohuwar yayi ce, fentin duk ya goge. Yau da zan wuce ta kama gefen mayafina.

"Jikata, naki yana ciki?"

Na ce e.

"Nawa ma. Tun kina goyo." Ta yi dariya ba haƙora. "Ce min suka yi ya ajiye aiki ya tafi neman arziki. Na yarda, na zauna a ɗaki na yi shiru, don an ce shiru ya fi. Ni kaɗai ce lokacin. Yanzu da na ji an taru, na ce bari in zo in tsaya tsayuwar da ban yi ba."

Na fizge mayafina. Ban kyauta ba. Tsohuwa ce, ƙila ma ta ruɗe.

Ƙila ta ruɗe.

Talata, da yamma

Ƙyallen fari fat. Shuɗin hannunsa ba ya fita ko ya yi hutun wata guda, ni na sani, ni ke wanke zanen gado. Amma ƙila ba shi ke kwancewa ba. Ƙila a baki ake ba shi. In a baki ake ba shi, to jikin ya yi tsanani ke nan. In kuma da kansa yake ci...

Bari in je in kwashe shanya.

Laraba, bayan magariba

Yau an kawo masu hular kwano. Daga ɗaki muka ji ƙara, sai yaji ya shigo ta taga, Inna ta yi ta tari. Barkonon tsohuwa suka watsa.

Mai Keke ta dawo ido jawur, ɗankwali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Na kai mata ruwa. Ina zuba mata tana dariya.

"Amarya, da kin ga Mai Haya! Tabarau ya faɗi, ya kama hannun mai hular kwano yana cewa ɗana taimake ni in tsallaka!"

Na ce, "Yaya, ba kya tsoro?"

Ta daina dariya. "Ina ji mana. Amma a ɗaki tsoron nawa ne ni kaɗai, shi ke cina. A can kuwa kowa ya ɗauki kaɗan. Tun ranar da jiniyar nan ta yi kuka ban yi barci ba sai ranar da na fara tsayuwa." Ta share fuska. "Ke kina barci?"

Na ce ina yi.

Wani abu ya taso min a rai, na rasa sunansa. Da na dawo ɗaki na gane. Kishi ne. Matar da aka watsa wa barkono nake kishi.

Alhamis, da la'asar

Na je ɗauko kula, mai farar riga ya hango ni. Ya ɗaga murya yadda duk za su ji.

"Ga mace mai hankali! Kullum tana kawowa, kullum mijinta na cinyewa. Ku tambaye ta. Amarya, ba ya cinyewa?"

Na ce yana cinyewa.

"Kun ji ko? Ya ma ba da saƙo. Ya ce a gaishe ki, girkin ya yi daɗi ƙwarai."

Daɗi ya kama ni, har na ji hawaye. Na rungume kular na taho da sauri in gaya wa Inna. Wasu mata biyu suka fita daga layi suka ajiye kulolinsu a benci, ina gani.

Sai a matakala na tsaya. Bai taɓa cewa girkina ya yi daɗi ba. Ba don ba ya so ba, tsokana ce. Cewa yake, "An yi ƙoƙari, Malama, a littafi na nawa aka koyo wannan?" Kuma ba zai aiko gaisuwa gare ni ya tsallake uwarsa ba. Ko a mafarki.

Na ce wa Inna yana gaishe ta.

Juma'a, da safe

Ban dafa da wuri ba. Na zauna bakin taga kamar matan littafi. Ba abin da ake gani ta tagarmu sai bangon banɗaki da igiyar shanya.

Asabar, da hantsi

An fitar da kayan Mai Keke. Katifa, tukwane, buhun yadi, duk a baranda, an sa sabon kwado. Yaranta suna zaune kan katifar suna cin biredi. Mu maƙwabta kowa ya tsaya a ƙofarsa. Inna ta ja ni ciki ta saki labule, ta ce, "Kin gani ko? Kin gani?"

Na gani.

Na zata shi ke nan, tsayuwa ta watse. Da na kai kula sai na tarar an ɗauko keken ɗinkinta an kafa shi a gaban get, tana zaune tana taka shi, tana ɗinke wa wata mayafin da ya yage ranar Laraba. Mutane sun ninka. Har matan nan biyu sun koma layi. Wani mai dako ya ce shi da bai damu ba, amma da ya ga yara a kan katifa a waje sai ya ji kamar shi aka mara.

Mai Keke ta ɗago ta gan ni.  Ta ciji zare.

Lahadi, bayan la'asar

A wanke. A wanke. A wanke.

Litinin, da safe

Abin da na yi yau, Allah ya yafe min in yana ci.

Na zuba shinkafa a kula. Na yanka albasa manya biyu na barbaɗa a kai ɗanya. Sannan na ɗebi gishiri cike da hannu na zuba, na ƙara, na juya. Na ɗanɗana, sai da na tofar. Ko akuya ba za ta ci ba.

In yana raye cikin hankalinsa, zai dawo min da ita yadda take, ko ya aiko a tambaye ni ko lafiya. In a baki ake ba shi, mai ba shi zai gani. Ko ta yaya wani zai ce wani abu.

Ina ɗaure ƙyalle na ga inuwa. Inna ce tsaye a ƙofar kicin. Ban san tun yaushe take nan ba. Ta dubi robar gishiri, ta dube ni. Na jira faɗa. Sai ta juya ta koma kan sallaya.

Litinin, da yamma

Baba maigadi ne ya miƙo min da hannunsa. Babu nauyi.

Na ce, "Baba, ya ci?"

Ya dubi baro. "An ce ya ci."

"Baba, kai ka kai masa?"

"'Yata, ni iyakata ƙofa ta biyu. Nan nake ajiyewa, nan nake ɗauka." Har yanzu baro yake kallo. "Ni ma ina da 'ya'ya a kwatas."

Mai farar riga yana wucewa ya ɗaga min hannu. "Amarya! Yau ma ya ce ya yi daɗi!"

Ban san yadda na iso gida ba. Na ajiye kular a gaban Inna. Ta kwance ƙyallen da kanta, ta juya shi ciki da waje, ta ɗaga shi wajen haske. Ta buɗe murfi. Ƙamshin sabulu kawai. Ta sa yatsa ta shafa cikin murfin, inda sojojin ke jeruwa. Ashe ta sani. Ita ta haife shi, ita ta fara tsince masa albasa.

Ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi ba. Muka zauna da kular a tsakaninmu har aka kira magariba.

Talata, da asuba

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba. In na rubuta ya zama.

Abin da na sani kaɗan ne. Ba shi ke ci ba. Wani yana juye abincina a wani wuri, ya wanke, ya ɗaure, ya aiko min gaisuwa. Kuma da bakina aka mayar da mata biyu benci.

Da ina tsammani sai mai ƙarfin zuciya ke fita. Na duba dukkansu, ban ga mai ƙarfin zuciya ba. Mai Haya tsoro yake ji. Tsohuwa ta makara da shekaru. Mai Keke barci take nema. Kowa akwai abin da ya kasa haɗiyewa, shi ke nan. Ni ma nawa ya zo wuya.

Amma ɗakin. Amma Inna. In ya fito gobe da ƙafarsa fa, ya tarar da kwado?

In ya fito.

Talata, da hantsi

Ban dafa ba. Ina ninke kaya, ban san dalili ba, sai Inna ta kira ni.

"'Yar nan."

"Na'am, Inna."

"Rannan na ce ki rantse, ba ki rantse ba."

"E, Inna."

"Kin kyauta." Ta daɗe tana jan carbi. "Ɗakin nan don shi nake riƙonsa. Ban san wa nake riƙe wa ba yanzu." Sai ta nuna ƙafata da baki. "Wannan silifas ɗin naki tsinkewa zai yi in an yi gudu. Ki sa nawa mai igiya. Kuma ki jiƙa ƙyalle ki tafi da shi, na ji an ce yana tare yajin."

Na ce, "Inna, in sun sa kwado fa?"

"Sai ki aiko a ɗauke ni da sallayata. Na ji akwai wata tsohuwa mai kujera a can. Ma yi hira."

Na leƙa rumfar Mai Haya, a rufe. Na zura masa littafinsa ta ƙarƙashin ƙofa. Ban ƙarasa shi ba.

Laraba, da safe

Na dafa masa shinkafa mai kyau, ba albasa ko ɗaya. Na ɗaure kular da farin ƙyalle. Takalmin Inna ya ɗan yi min yawa, na matse igiyar.

Yau ba zan ajiye ta a benci ba. Zan tsaya kusa da keken ɗinki, in riƙe ta a hannu, sai na ba shi da kaina.